Tabaran Iyo: Ƙaramin Kayan Da Ya Rage Wa Ɗan Gulbin Kalgo

Duk wanda ya bi hanyar motar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta ratsa Kalgo ta nufi Bunza a ƙarshen damina, ba sai an gaya masa cewa ya shigo ƙasar ruwa ba. Gulbin Kebbi, wanda ya gangaro daga Sakkwato ya biyo ta Argungu, yakan cika ya tumbatsa ya malale fadamun shinkafa, har ya zama wani wurin ba a kai wa gona sai da kwalekwale. Yaran garuruwan da ke bakin wannan gulbi suna tashi da iyo ne kamar yadda ɗan makiyayi ke tashi da sanda. Ba wani malami da ya zaunar da su ya koya musu, barewa ce ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ko yaran da ke can tudu, irin na wajen garin Gwandu, sukan samu rabonsu a tafkuna da kududdufai idan ruwan sama ya kankama.

Wannan gwaninta ba ɓoyayyiya ba ce. A bukin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asalin shirinsa na yanzu daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, kuma Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, akwai sashen da ake kira Kabanci. A nan ne ake tseren iyo da tseren kwalekwale da nutso da kamun kifi da hannu da kamun agwagwar ruwa, baƙi kuwa su yi ta mamaki. Amma fa idan aka zo Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Ikko a 1973, sai a tarar jihohin kudu irin su Delta da Ribas da Bayelsa su ne suka fi yin fice a fagen iyo. Dalilan haka suna da yawa, wasunsu manya ne, kamar rashin kwamin iyo mai awo da rashin masu horarwa. Akwai kuma wani ƙaramin dalili da ba a cika kula da shi ba, wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba, watau tabarau na iyo.

Tsere uku a jere

Inda maganar wannan tabarau ta fi muhimmanci ga ɗan gulbi shi ne a gasar nan da Turawa ke kira tirayatalon, watau tsere uku a jere ba hutawa: a yi iyo, a fito a hau keke, a sauka a zura da gudu. An fara ta a sigarta ta zamani a birnin San Diyego na Amurka a 1974, ta shiga wasannin Olamfik a birnin Sidni na Ostareliya a shekara ta 2000. A awon Olamfik ana iyon mita 1,500, da tseren keke na kilomita 40, da gudun kilomita 10. Akwai kuma doguwa mai suna Ironman, wadda aka fara a Hawai a 1978, inda ake iyon kusan kilomita 4, da keke kilomita 180, da gudun kilomita 42 da 'yan kai.

Abin lura a nan shi ne, yawancin wannan gasa ba a kwamin siminti ake iyonta ba. A teku ake yi, ko tafki, ko kogi. A Olamfik na 2024 a cikin kogin Sen da ya ratsa birnin Faris aka yi, har ma sai da aka ɗage tseren maza da kwana ɗaya saboda ruwan ya gurɓace bayan an yi ruwan sama. Ke nan ruwa mai gudu, mai dauɗa, marar layi a ƙasa, wanda ke firgita ɗan birnin da ya saba da kwami, shi ne ruwan da yaron Kalgo ya buɗe ido ya gani. Keke kuwa da tafiyar ƙasa ba baƙinsa ba ne. In akwai gasar zamani da ta dace da samarin wannan yanki, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, to, wannan ce.

Me ya hana ido gani a ruwa?

Ɗaliban kimiyya sun san cewa haske yakan karya hanyarsa idan ya fita daga wani abu ya shiga wani. Shi ya sa sandar da aka tsoma a ruwa take zama kamar ta karye. Idon ɗan Adam an yi shi ne domin iska. Ɓawon nan mai haske da ke gaban ƙwayar ido shi ke yin wajen kashi biyu bisa uku na aikin tattara haske, kuma yana iya yin haka ne domin bambancin da ke tsakaninsa da iska yana da yawa. Ruwa kuwa kusan ɗaya yake da wannan ɓawo wajen karya haske. Saboda haka da zarar ruwa ya taɓa ido, sai wannan ƙarfi ya kusa ɓacewa ɗungum, kome ya zama dishi-dishi ko da ruwan garau yake kamar na randa. Aikin tabaran iyo guda ne tak: ya tsare 'yar iska kaɗan a gaban ido, domin ido ya ci gaba da aikinsa kamar yana waje.

Ba yau mutane suka gane wannan bukata ba. Ibn Battuta, matafiyin nan da ya zo har Takadda ta ƙasar Azbin a 1353, ya ba da labarin masu nutson lu'ulu'u a Tekun Fasha waɗanda ke rufe fuska da wani abu da aka yi da ƙoƙon kunkuru. A 1911 wani Bature mai suna Thomas Burgess ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo yana sanye da tabaran masu babur, a 1926 kuma Gertrude Ederle ta Amurka, mace ta farko da ta ƙetare shi, ta liƙe gefen nata da kakin farafin don kada ruwan gishiri ya shiga. Sai a 1976, a birnin Mantiriyal, aka fara barin masu iyo su sa tabarau a gasar Olamfik. Kafin zuwansa jan ido da raɗaɗin maganin kulorin su ke ƙayyade tsawon lokacin da mutum zai iya yi yana horo a kwami.

Akwai wani bincike da ya shafi masu zaman bakin ruwa. A 2003 wata masaniya ta Jami'ar Lund da ke Suwidin, Anna Gislén, ta bayyana cewa yaran ƙabilar Moken, masu rayuwa a gaɓar tekun ƙasar Tailan, suna gani a ƙarƙashin ruwa ninki biyu na yaran Turai, domin sun saba tsuke ƙofar hasken da ke tsakiyar baƙin ido. Daga baya aka horar da yaran Suwidin su ma suka iya. Amma wannan a ruwan teku ne mai haske. Gulbin Kebbi a lokacin cikarsa ja ne wur da laka, ba idon da zai ratsa shi, da tabarau ko babu. Shi ya sa Sarkawa in sun nutsa da hannu suke gani, su laluba rami su kamo kifi. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji masu iya magana, kai kuwa ba ka ganinsa.

To, in tabarau ba zai nuna wa mutum kome a ruwan laka ba, mene ne amfaninsa ga ɗan Kalgo? A nan ne gundarin maganar take.

Wanda ya koyi iyo a gulbi yakan ɗaga kansa sama ne, fuska a waje, domin ya kare idonsa kuma ya ga inda ya nufa. Wannan dabara ce mai kyau ga mai ƙetare gulbi da kaya a ka ko mai bin gora da koma, amma ga mai tsere asara ce babba. Jikin mutum a ruwa kamar ma'aunin sikeli yake: in kai ya tashi, ƙugu da ƙafafu sai su nutse. Ruwa kuwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, don haka jikin da ya karkace yana ture ruwa da ƙirji da ciki da cinya gaba ɗaya, kamar mai jan kwalekwale a gicciye. In fuska ta kwanta cikin ruwa, ƙugu sai ya taso, jiki ya miƙe samɓal ya tsaga ruwa ta ƙaramar kafa. Da wuya mutum ya iya kifa fuskarsa cikin ruwan yashi har minti 25 ko 30 ido a tsirara, kuma ya riƙa ɗagowa yana gani sarai. Ashe tabarau ba shi ke ƙara sauri da kansa ba. Abin da yake yi shi ne ya ba mai iyo damar sake kwanciyarsa a ruwa, saurin kuwa daga kwanciyar yake fitowa.

Amfani na biyu shi ne saiti. A gasar tsere uku akan jera manyan alamu na roba masu launi suna yawo bisa ruwa kamar gorunan masunta, mai iyo ya kewaye su. Bayan 'yan jan hannu yakan ɗaga idanu kaɗan, kamar kada, ya hango alamar, ya mai da fuska. In idon ya cika da ruwa ko tabarau ya yi hazo, sai ya yi ta karkacewa. Lissafin mai sauƙi ne. Wanda ya ƙara mita 5 a kan kowace 100 saboda kwane-kwane, ya ƙara wa kansa mita 75 a tseren mita 1,500. In yana cin mita 100 a minti 2, ya zubar da minti ɗaya da rabi a banza, abin da ba wani tabarau mai sulɓi da zai iya rama masa.

Yadda ake zaɓe

Kuskuren da yawancin masu saye ke yi shi ne su duba wanda gwanayen Olamfik ke sawa a talabijin su ce shi suke so. Wancan ƙarami ne ƙwarai, yana shiga cikin kwarmin ido, wani ma ba shi da leɓen roba ko kaɗan, kamar irin wanda Tommy Malmsten na Suwidin ya fito da shi a shekarun 1970. An yi shi ne domin tseren minti ɗaya ko biyu, inda ake faɗawa ruwa da ka daga kan dakali, kuma ɗan ƙiftawar ido ke raba na ɗaya da na biyu. Mai tsere uku bukatarsa dabam ce. Gwanayen duniya ma sukan yi kusan minti 18 zuwa 20 a ruwa a awon Olamfik, a Ironman kuwa ana ba mutum har awa 2 da minti 20. Abin da ke matsa kwarmin ido na minti biyu a jure, in ya kai awa guda ciwon kai zai zama, ga keke da gudu suna jira a gaba. Bugu da ƙari, a wannan gasa jama'a da yawa ke faɗawa ruwa lokaci guda, ana shan dundu da shuri ba da gangan ba. Ƙaramin tabarau mai tauri in diddige ya same shi, cikin ƙashin ido zai nutse. Mai faɗi, mai leɓen silikon mai taushi, yana zama ne a kan ƙashin da ya kewaye ido, ya raba nauyin bugun, sa'an nan ya ba da damar ganin gefe. Ɗan jan ruwan da faɗinsa ke ƙarawa bai kai a yi maganarsa ba.

Gwajin da ya fi kowane amfani ba ya bukatar ruwa. Mai saye ya ɗauki tabarau, kada ya sa maɗaurin a kai, ya ɗora shi a idanu ya danna a hankali ya saki hannu. In ya manne ya tsaya na 'yan daƙiƙu, ya dace da fuskar. In ya faɗo nan take, ko ɓangare ɗaya ya kama ɗaya ya saki, to, ba nasa ba ne, kome tsadarsa kuma kowane kamfani ya yi shi. Fuskoki sun bambanta, musamman wajen faɗin karan hanci da zurfin kwarmin ido, shi ya sa wanda ake iya canza masa abin da ya haɗa idanun biyu, ko a ƙara masa tsawo, ya fi wanda aka zuba a dunƙule ga mutumin da bai samu daidai da shi ba. Wannan yana nufin sayen tabarau a cikin kwalin da mai kanti ya hana buɗewa caca ce, haka nan aiken wani ya sayo daga Kano ko Ikko ba tare da gwaji ba. Ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kayan wasa na makaranta ko na ƙaramar hukuma, gara ya sayo iri uku ko huɗu kaɗan-kaɗan a gwada wa yara, da ya cika kwali da iri ɗaya domin an yi masa rangwame. Araha ba ta ado.

Maɗauri ba shi ke hana ruwa shiga ba, aikinsa kawai ya riƙe tabarau a inda yake. Wanda ya ga ruwa na shiga ya yi ta ƙara ɗaurewa, yakan lanƙwasa leɓen robar ne ya ƙara buɗe kafa, ya fito da zobe ja a kewayen ido. Likitocin ido sun gano cewa ƙaramin tabarau mai matsewa yana ɗaga ƙarfin ruwan cikin ƙwayar ido muddin yana sanye, saboda haka mai ciwon gilokoma, watau hawan jinin ido, ya kamata ya nemi shawarar likita tukuna. A ranar gasa masu wayo sukan fara sa tabarau sa'an nan su ɗora hular roba a kan maɗaurin, don in an buge shi ya goce kawai, kada ya tafi da ruwa.

Sai launi. A ƙasa irin Kebbi, inda rana ke dukan ruwa ta dawo cikin ido, farin gilashi garau ba ya wadatarwa da hantsi. Mai duhu ko mai fuskar madubi shi ya dace, wanda kuma aka yi musamman don yanke ƙyallin ruwa ya fi su duka in aljihu zai ɗauka. Amma da asuba, ko ranar da hazon hunturu ya rufe gari, mai duhu makanta ne. A irin wannan rana mai launin ruwan zuma ko rawaya ya fi fito da alama daga cikin hazo. Wanda ba zai iya sayen biyu ba ya nemi mai ɗan duhu kaɗan. Ɗaliban da ba sa gani nesa sai da tabaran likita su sani akwai na iyo da ake yi da awon idonsu.

Hazon da ke taruwa a ciki kuwa ba lalacewa ba ce. Iskar da ke tsakanin ido da gilashi tana da ɗumi da laima, ruwan waje ya sanyaya gilashin, sai raɓa ta kwanta, kamar yadda take kwantawa a jikin kwalbar lemo mai sanyi. Sabon tabarau yana zuwa da wani shafi a ciki mai hana haka, kuma yatsa shi ne babban maƙiyinsa, don goga ɗaya da yashin gulbi ta isa ta kankare shi. In shafin ya ƙare, ɗigon sabulun wankin kan jarirai da aka ɗauraye sama-sama yana aiki, haka ma miyau, tsohuwar dabarar masu nutso. Bayan iyo a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta a shanya a inuwa. Zafin watan Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40 a wannan yanki, yana busar da roba ta tsage, don haka barinsa a gaban mota ko a kan rufin kwano kashe shi ne.

Abin da tabarau ba ya yi

Wajibi ne a faɗi iyakarsa, domin kada saurayi ya sa shi ya ɗauka ya gama da gulbi. Ba ya hana tsargiya, watau fitsarin jini, domin ƙwayar cutar daga katantanwar ruwa take fitowa ta shiga ta fatar jiki, ba ta ido ba. Mai yawan shiga tafki ko gefen fadama inda ruwa ke kwance ya kamata ya riƙa zuwa asibiti a auna shi, maganinta sananne ne. Ba kayan aro ba ne kuma, musamman lokacin da ciwon idon nan na Afolo ke yawo a makarantun kwana. Ba na nutso mai zurfi ba ne: kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara nauyi daidai da na dukan iskar da ke bisa kan mutum, kuma da yake bai rufe hanci ba, babu yadda za a hura masa iska, sai ya riƙa zuƙar ido kamar ƙahon wanzami. A kuma hana yara jan sa gaba su sake, domin ya sha raunata ido ta wannan hanya.

Uwa uba, ba ya hana nutsewa. Mutanen Jihar Kebbi ba su manta da haɗarin jirgin ruwan da ya auku a kogin Kwara kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba, inda aka nemi fiye da mutum 100 aka rasa. Rigar ceto ce maganin irin wannan. Sai dai ga malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aka yi wa canjin aiki zuwa ƙauyen da sai an shiga jirgi, wanda ya girma bai iya iyo ba, tabarau yana da nasa taimakon, domin abin da ya fi hana babba koyo shi ne tsoron sa fuska a ruwa, kuma rabin tsoron yakan tafi in ido a buɗe yake ba raɗaɗi. Mai horon tsere kuwa kada ya shiga gulbi shi kaɗai. A samu mai kwalekwale ya bi shi, a kuma tambayi Sarkin Ruwa da masuntan wurin inda ruwa ke juyi da inda aka kafa taru.

A Olamfik na 2008 a birnin Bejin, tabaran Michael Phelps na Amurka ya cika da ruwa tun farkon tseren mita 200 na salon malam-buɗe-littafi. Ya ƙarasa tseren ba ya gani, yana ƙidaya jan hannunsa don ya san inda bango yake, ya kuma zo na ɗaya a minti 1 da daƙiƙa 52.03, lokacin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa. Saboda irin wannan rana ne masu horarwa kan sa yaransu su yi iyo wani lokaci ba tabarau. Ɗan Kalgo ba ya bukatar wannan darasi, da shi aka yaye shi. Nasa darasin kishiyar wannan ne, kuma yakan ci makonni: ya tsaya inda ruwa ya kai masa ƙirji, ya kifa fuska, ya fitar da numfashi ta hanci har kumfa ta ƙare, sa'an nan ya juya kai gefe ya shaƙa, kunne ɗaya yana cikin ruwa, ba tare da ya ɗaga goshi ya nemi gaɓa ba.